Mutum-mutumin Ƙanƙara a Hannun Ɗan Shekara Uku

Da zarar Janairu ya kama, bangon azuzuwan makarantun reno a Kanada da Ingila da Jamus da arewacin Amurka kan cika da wasu fararen mutane masu tulun ciki, da hancin karas da baƙar hula. Mutum-mutumin ƙanƙara ke nan, sai dai ba ko ɗigon ƙanƙara a jikinsu. Auduga ce da farantin takarda da gam, aikin yara 'yan shekara uku zuwa biyar.

Mai karatu zai ce, ga dusar ƙanƙara jibge a tsakar makaranta, me ya kai su ga auduga? Ai ba kowace dusa ke dunƙuluwa ba. Sai tana da ɗan laima, wato lokacin da ma'aunin sanyi yake dab da sifili, sannan take kama juna. A gari irin Winnipeg, inda sanyin Janairu kan wuce digiri 20 ƙasa da sifili, dusar bushewa take yi ta zama kamar garin tuwo, ana damƙa tana zubewa, kuma ba malamar da za ta daɗe da yara a waje cikin wannan ɗari. A Landan kuwa akan yi hunturu guda ba a samu wadda ta isa a mulmula ba.

Asalin mutum-mutumin ma ba wasan yara ba ne. Bob Eckstein, wanda ya wallafa tarihin mutum-mutumin a 2007, ya gano zanensa mafi daɗewa a gefen wani littafin addu'o'i na wajejen 1380 da ke ajiye a birnin Hague. A 1494 Piero de' Medici, mai mulkin Florence, ya sa Michelangelo ya sassaƙa masa guda a farfajiyar fadarsa. A hunturun 1511 mutanen Brussels sun cika unguwanni da fiye da ɗari, da yawansu na yi wa manya shaguɓe ne. Sai daga baya abin ya koma hannun yara.

Yadda ake yinsa a aji bai da wuya. Malama takan haɗa faranti biyu, ƙarami a sama, babba a ƙasa, ta zuba gam a murfin kwalba ta ajiye a tsakiyar tebur. Yaro ya ɗauki dunƙulen auduga, ya yage ta da yatsu, ya tsoma a gam, ya danna a kan faranti. Auduga ta manne a yatsa, ya girgiza hannu ta ƙi faɗuwa, ya sa ɗaya hannun ya cire, ita ma ta manne a can. Kafin ya rufe farantin ya yi wannan kokawa sau da dama. Sannan a zo kan idanu na baƙar takarda, da hanci mai kusurwa uku, da ƙyallen wuya da aka yanko daga tsohuwar riga. Wasu malaman farar safa suke cikawa da shinkafa, a ɗaure da roba wuri biyu, sai ga kai da ƙirji da ciki sun fito. A Japan kuwa hawa biyu aka saba yi, galibi da bokiti a matsayin hula.

Wannan kokawa da auduga ita ce ribar aikin gaba ɗaya. A jadawalin girman yara na CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ana sa ran ɗan shekara uku ya zana da'ira idan an nuna masa, ɗan shekara huɗu kuma ya riƙe fensir tsakanin babban yatsa da sauran yatsu maimakon ya dunƙule shi a hannu, ya kuma zana mutum mai gaɓoɓi uku ko fiye. Mutum-mutumin ƙanƙara da'ira ce a kan da'ira, ga ido ga hanci ga hannu, saboda haka ya dace da waɗannan shekaru sarai. Yatsun da ke tsinkar auduga su ne za su riƙe alƙalami gobe. Friedrich Fröbel ma, wanda ya kafa makarantar reno ta zamani a Bad Blankenburg ta Jamus a 1840, ya sa naɗe takarda da yanka ta da ginin yumɓu cikin darasi.

Amma akwai inda gizo ke saƙa. Idan aka shiga aji aka tarar da mutum-mutumi ashirin a jere, duk ido biyu daidai wa daida, duk hanci a tsakiya, to babu tantama malama ce ta kwana tana yanka, da safe kuma ta riƙa kama hannun yaro tana cewa, "A'a, nan za ka sa." Iyaye su zo ɗauka su yi ta yabo, a ɗauki hoto, alhali yaron bai zaɓi komai ba. Masana tarbiyyar ƙananan yara sun daɗe suna jan kunne a kan haka, suna bambanta aikin da ake yi don a nuna da wanda ake yi don yaro ya gwada hannunsa. Malamar da ta san aikinta takan zuba kaya ta ja baya. In yarinya ta manna ido uku, ko ta sa hanci a ciki, abin da za ta ji shi ne, "To, ba ni labarinsa." Sau da yawa akwai labarin: ido na uku na ganin baya ne. Gaskiya bangon irin wannan aji bai kai na farko tsari ba, kuma wasu iyayen kan yi ƙorafi. A ra'ayina, ƙorafin ya fi sauƙi a kan a mai da yaro ɗan kallo.

Inda malama ba ta ja baya shi ne batun haɗari. Maɓallan riga da idanun roba na kanti duk suna iya maƙale wa yaro a maƙogwaro. Dokar kayan wasa ta Amurka tana da wani ɗan bututun gwaji mai faɗin santimita 3.17, duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya an hana shi a kayan 'yan ƙasa da shekara uku. Shi ya sa a ajin ƙanana ake zana maɓalli da alli mai launi, ko a yanko manya daga kwali, safar shinkafa kuma a bar wa 'yan shekara huɗu da biyar.

Har ƙyalƙyalin da ake barbaɗawa don auduga ta yi walƙiya ya shiga matsala. Tun Oktoban 2023 Tarayyar Turai ta hana sayar da na roba a warwatse, saboda ɓarɓashinsa na bin ruwan wanke hannu ya ƙare a koguna da teku. Malaman da ba su son rabuwa da walƙiyar sun koma ga irin da ke ruɓewa, wasu kuma gishiri kawai suke barbaɗawa a kan gam tun bai bushe ba.