Madara da Wasa: Abin da Aka Gani a Jamaika

Iyaye da yawa suna tsammani koyo yana farawa ne ran da aka kai yaro makaranta. Kafin wannan, idan ya ƙoshi, an yi masa wanka, an goya shi ya yi barci, to, aikin uwa ya cika. Wani bincike da aka yi a tsibirin Jamaika, kudu da ƙasar Amurka, ya nuna da sauran aiki.

A shekarar 1986 da 1987 wata likita, Sally Grantham-McGregor, tare da abokan aikinta suka bi gida gida cikin unguwannin matalauta na birnin Kingston. Suka sami yara 129 waɗanda rashin isasshen abinci ya tsumbure su, watau tsawonsu bai kai na tsararsu ba. Dukansu suna tsakanin wata 9 da wata 24 da haihuwa. Aka raba su kashi huɗu. Na fari, ana ba su garin madara kilo ɗaya kowane mako. Na biyu, ana ziyartarsu a koya wa uwa yin wasa da ɗanta. Na uku suka sami duka biyu. Na huɗu kuwa, lafiyarsu kaɗai ake dubawa.

Masu ziyarar ba manyan malamai ba ne, mata ne ma'aikatan lafiya na unguwa. Kowane mako mace takan zauna sa'a guda a gidan, har shekara biyu. Takan zo da kayan wasa da aka yi da hannu daga abin da ake zubarwa: gorar roba, marfin kwalba, kwali, tsohuwar safa da aka mai da ita 'yar tsana. Sai ta nuna wa uwar yadda za ta sa yaron ya zuba marafan cikin gora ya juye, tana gaya masa, wannan ciki ne, wannan waje, ga babba, ga ƙarami. Idan ya yi daidai a yabe shi. Idan ya kasa a sāke nuna masa, ban da tsawa, ban da mari. Abin wasan yana kwana a gidan, mako mai zuwa a kawo wani. Ku lura, uwar ce ake koya wa, gama ita ce take tare da yaron sauran kwana shida.

Bayan shekara biyu madara ta yi amfani, wasa ma ya yi, yaran da suka sami duka biyu har sun kusa kamo waɗanda ba su tsumbure ba wajen fahimta. Amma aka ci gaba da bin sawunsu. Da suka kai shekara 17, amfanin madarar wajen basira ya ɓace, na wasan kuwa yana nan: sun fi iya karatu, damuwa da baƙin ciki sun fi sauƙi a cikinsu. Rahoton da aka buga a 2014 ya ce sa'ad da suka kai shekara 22, kuɗin da suke samu a wurin aiki ya fi na waɗanda ba a koya wa uwayensu wasa ba da kashi 25 cikin ɗari. Kada wata ta ce abinci ba kome ba ne ke nan. Yaro mai yunwa ba ya wasa.

A gidajenmu kayan nan ba su da wuya. Ƙoƙo da ludayi, murfin tukunya, 'yar tsana ta kara, duk sun isa, sai dai a kiyaye gwangwani mai kaifin baki da ƙananan abin da yaro zai haɗiye. Abin da ya fi wuya shi ne buɗe baki. Wata uwa za ta yini da goyo ba ta ce masa kome ba, wai ai ba ya ji. Yana ji. Tun kafin ya faɗi kalma ɗaya yana tara sunayen abubuwa, kuma lokacin wanka, da tuƙa tuwo, da tafiya rijiya, duk zarafi ne na gaya masa abin da ake yi.

Akwai kuma alkunyar ɗan fari, wadda takan hana uwa kiran sunansa ko yi masa wasa a gaban mutane. Ba mu ce a yar da kunya ba. Amma ɗan fari shi ne wanda ba shi da wa ko ya da za su yi masa surutu. Idan uwa ba za ta iya a tsakar gida ba, ta yi a ɗaki. Kaka kuwa, wadda al'ada ta riga ta ba ta izinin wasa da jika, a miƙa mata shi da yamma tare da ƙoƙon da ludayin.