Kwamfuta A Makaranta: Amfaninta Da Illarta

Kowane zamani da irin kayan karatunsa. Kakanninmu sun yi da allo da tawada, iyayenmu sun yi da alli da littafi, mu kuwa namu ya zo da kwamfuta, wato na'ura mai ƙwaƙwalwa. Ni ɗan Magama ne ta ƙasar Jibiya, bakin iyakar Nijeriya da Nijar, saboda haka zan duba wannan al'amari da idon ɗalibin da ya fito daga irin garinmu.

Da farko dai, ya kamata mu sani cewa kwamfuta ta zama dole. Hukumar JAMB, mai shirya jarrabawar shiga jami'a, ta soma amfani da ita a 2013, daga 2015 kuma ta bar takarda da fensir ɗungum. Yanzu ɗalibi zai zauna gaban na'ura ya amsa tambayoyi 180 cikin awa biyu. Hukumar WAEC ma ta bi sahu a 2024 ga masu zana jarrabawa daga waje.

Amfaninta kuwa yana da yawa. Sakamako na fitowa cikin 'yan kwanaki. Satar amsa ta ragu, domin tambayar da ke gabanka ba lalle ita ce a gaban maƙwabcinka ba. Kwamfuta guda tana ɗaukar littattafan da suka fi na ɗakin karatunmu yawa. Haka kuma a darasin kimiyya, ɗalibi zai ga yadda zuciya ke harba jini, ko yadda duniya ke kewaya rana. Gani kuwa ya kori ji.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Illa ta farko, kwamfuta ba ta aiki sai da wutar lantarki, intanet kuma sai da layin sadarwa. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Jibiya, saboda matsalar tsaro, aka yi watanni a haka. Wanda ya dogara ga intanet kaɗai, ina ya nufa? Ko a 2020, da cutar korona ta sa aka rufe makarantu, rediyo ne ya fi isa ga yaran karkara.

Ta biyu, na'ura ma tana tangarɗa. A 2025 kusan ɗalibai dubu 380 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas sai da suka sake zana jarrabawar JAMB saboda matsalar na'ura.

Ta uku, tana koya wa raggo lalaci. Wani zai kwafo amsa bai fahimce ta ba, rubutun hannunsa ya lalace, lissafin ka ya gagare shi, lokacinsa ya ƙare a kallon fim da hira. Ƙasar Suwidin, duk da arzikinta, a 2023 ta fara mai da hankali ga littattafan takarda don gyara karatun yara.

Illar da ta fi damuna ita ce bambanci. Ɗan birni ya saba da madannai tun yana firamare. Ɗan ƙauye kuwa, wani bai taɓa taɓa kwamfuta ba sai ranar jarrabawa. Ga ilimi a kansa, amma hannu na rawa, lokaci na tafiya. Wannan ba a gwada iliminsa ba, an gwada garin da aka haife shi ne.

A ƙarshe, ina roƙon hukuma ta sa wa makarantun karkara kwamfutoci da wuta mai aiki da hasken rana, a horar da malamai, a kuma ba kowane ɗalibi damar taɓa na'ura kowane mako tun daga aji ɗaya. Mu kuma 'yan'uwana ɗalibai, mu riƙe ta a matsayin mataimakiyar malami da littafi, kada mu yar da su dominta. Mu fara koyo tun yau, don ba a fafe gora ranar tafiya.