3.4 Matsalar Siginar Katsewa a Cikin Korutin na Harshen Lua

A wannan sashe za a duba yadda tafintan harshen Lua yake karɓar siginar katsewa, da kuma matsalar da takan taso idan siginar ta iske ana cikin korutin. Shi dai Lua harshe ne na rubuta manhajar kwamfuta wanda Roberto Ierusalimschy da abokan aikinsa biyu suka ƙirƙiro a ƙasar Brazil a shekarar 1993. An shigar da korutin cikinsa a fitowa ta 5.0, a shekarar 2003. Abin da ake nufi da korutin shi ne wani yanki na aiki da kan dakata da kansa, ya miƙa ragama ga wanda ya kira shi, daga baya ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Idan mai amfani da kwamfuta ya danna Ctrl da C, akan aika wa manhajar da ke gudana sigina mai suna SIGINT. Wannan sigina ba ta da lokacin zuwa. Tana iya riskar tafinta yana tsakiyar ware wurin ajiya a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Idan aka tsayar da shi nan take, to bayanansa za su rage rabi a gyare, rabi a hargitse. Saboda haka mai karɓar sigina ba ya tsayar da komai da kansa. Abin da yake yi shi ne ya kira lua_sethook ya ɗana wata ƙugiya, wadda za ta ta da kuskure a lokacin da tafinta ya kai gaɓar da babu haɗari.

To sai dai kuma kowane korutin yana da tasa ƙugiyar daban, ita kuwa wannan a kan babban zaren aiki kaɗai ake ɗana ta. Ke nan idan wani korutin ya faɗa cikin zagaye marar ƙarshe, ragama ba za ta komo ga babban zaren ba, balle ƙugiyar ta kama. Danna maɓallan a karo na biyu yakan kashe tafintan ɗungurungum, duk bayanin da ba a adana ba kuma ya salwanta.

Akwai hanyoyi biyu na magance wannan. Ta farko ita ce a riƙa ajiye adireshin korutin da ke gudana, domin a ɗana ƙugiyar a kansa. Haɗarinta shi ne, idan ba a sabunta adireshin a kan kari ba, ana iya taɓa korutin da aka riga aka share. Ta biyu ita ce mai karɓar sigina ya ɗaga tuta kawai, wato ya sauya ƙimar wani ma'aji nau'in sig_atomic_t, sa'annan kowane korutin ya riƙa leƙa tutar bayan adadin umarni da aka ƙayyade. Wannan ta fi aminci, ko da yake takan rage sauri.

Daga ƙarshe, ya kamata a lura cewa coroutine.resume yakan tare kuskure, ya mayar da shi a matsayin sakamako. Don haka wajibi ne mai kira ya duba sakamakon ya miƙa kuskuren gaba, in ba haka ba katsewar za ta ɓace a hanya.