Kyamarar fim: abubuwa uku da ake dubawa kafin a sayi filasha

Mai ɗaukar hoto da kyamarar fim ba ya ganin aikinsa sai an wanke. Idan hotunan ɗaurin aure suka fito baƙi ƙirin, babu sauran gyara, domin biki ba ya maimaituwa. Shi ya sa filasha, wato fitilar da ake ɗora wa kyamara, take da daraja tun zamanin da Malick Sidibé yake ɗaukar hotunan raye-rayen dare a Bamako a shekarun 1960. Tsofaffin filashan suna nan a hannun masu sayar da kayan kwance, amma ba sunan kamfani ne ke raba su ba. Abubuwa uku ne.

Na farko shi ne ƙarfin haske. Kowace filasha tana da lambar da ke nuna ƙarfinta a kan fim mai ISO 100. Ana raba lambar da nisan wanda za a ɗauka, sai a samu lambar buɗin idon kyamara. Vivitar 283 da Nikon SB-24 suna da lamba wajen 36 a awon mita, don haka mutumin da ke tsaye a nisan mita huɗu da rabi yana buƙatar f/8. Metz 45, ta Jamus, wadda ake ɗaure wa a gefen kyamara, lambarta 45 ce: ta fi kai wa nesa, amma tana da nauyi, kuma pil shida take ci maimakon huɗu. Ƙaramar filasha mai lamba 20 ba ta wuce mita biyu da rabi a f/8. Ta isa hoton katin ɗan ƙasa, ba ta isa taron suna a tsakar gida ba. Da fim mai ISO 400, nisan yana ninkawa biyu.

Na biyu shi ne yadda ake auna hasken. Vivitar 283 da Metz 45 CT-1 suna da ɗan ido a gabansu da ke kashe hasken da zarar ya wadatar, saboda haka suna aiki da kyamarori irin su Pentax K1000, muddin an daidaita buɗin ido da hannu. Akwai kuma tsarin TTL, wanda Olympus OM-2 ta fito da shi a 1975, inda kyamarar da kanta take auna hasken da ya sauka a kan fim. Ya fi daidai, sai dai kowane kamfani da nasa: TTL na Nikon ba ya aiki a kan Canon. Ko wace aka ɗora, kada saurin ɗauka ya wuce iyakar kyamara, wato 1/60 a K1000 da Canon AE-1, in ba haka ba wani ɓangaren hoton zai fito baƙi.

Na uku, wanda ya fi jawo asara, shi ne wutar da ke ƙafar filasha. Tsofaffin Vivitar 283 ƙirar Japan suna iya fitar da sama da volt 200 ta nan. Kyamarar da ba ta da lantarki da yawa tana jure wa, amma wutar tana iya ƙona wasu kyamarori na baya-bayan nan. Mai gyaran rediyo zai iya auna ta kafin a biya kuɗi. Kada kuma a kwance filasha a gida, domin tana riƙe wuta wajen volt 300 ko bayan an cire pil.

A taƙaice, mai kyamarar hannu irin K1000 zai wadatu da Vivitar 283. Mai Nikon F4 ko F-801 ya fi cin moriyar SB-24, mai aikin manyan taruka kuma Metz 45. Kafin saye, a duba ramin pil ko ya yi tsatsa, a saka sababbi, a kyasta sau da yawa. Fim guda na gwaji ya fi arha bisa ga hotunan biki da suka lalace.