Kulle Tsohuwa a Ɗaki Ba Riƙo Ba Ne

Da an taɓo zancen tsofaffi a majalisa sai an sami mai bugun ƙirji: Turawa ne ke jefar da iyayensu gidan gajiyayyu, namu suna gida. Suna gida kam, amma a wane ɗaki?

Tsohuwar da gigin tsufa ya kama, tana kiran jikarta da sunan kishiyarta da ta rasu, tana ɗaure kaya da tsakar dare wai za ta gidan ubanta, sau da yawa ƙarshenta ɗakin baya ne da kwaɗo. In ta sulale aka tsince ta ƙofar wani da asuba, sai a ce mayya. A titsiye ta, ta amsa, a ce ai da bakinta ta faɗa. Wadda ba ta san ko ta ci tuwon dare ba, mene ne ba za ta amsa ba? Ƙwayoyin ƙwaƙwalwarta ne ke mutuwa. Likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana mafi yawaitar nau'in ciwon tun 1906, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu gigin sun haura miliyan 55.

Turawan da ake yi wa gori kuma ba duka suka zaɓi gidan gajiyayyu ba. Garin Geel na Beljiyam ya shafe ɗaruruwan shekaru iyalansa na karɓar masu taɓin hankali da masu raunin fahimta, a ci tare a je gona tare. A shekarun 1930 baƙin sun haura 3,000. A Ingila akwai tsarin Shared Lives. Ana bincikar mai gida, a horar da shi, a haɗa shi da mai buƙatar riƙo wanda jininsu ya haɗu. Sai sun sha shayi tare, baƙon ya gwada kwana, kafin ya tare. Ana biyan mai riƙo, jami'ai na leƙowa, yana da hutu.

Ko a Najeriya an yi. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya zaunar da majinyatan asibitin Aro na Abeokuta a gidajen ƙauyukan kewaye, tare da danginsu, ana duba su a can.

Abin da gidajenmu suka rasa shi ne wannan tallafin. An jibga wa suruka ɗaya wanki, wanka da rashin barci, in ta yi tsaki a ce ba ta da imani. 'Ya'ya maza su raba kwana da kuɗi, su bar ta ta je ganin gida. A kai tsohuwa asibiti, domin ƙarancin sinadarin B12 ko ciwon mafitsara ma kan rikita tunani, kuma suna da magani. A daina musu da ita. In ta nemi mijinta da ya rasu, a ja ta da hirarsa maimakon sabunta mata takaba kullum. A ɗinka lambar waya a gyalenta, a ɗauke ashana da fiya-fiya, a sanar da mai unguwa halin da take ciki, a ba ta gyaɗa ta ɓare a tsakar gida inda ake ganinta.