Zoben Aure: Yadda Ango da Amarya Za Su Zaɓi Nasu

Da zarar an sa rana, masu shirin aure kan zo wurin fasto ko dattawan ikkilisiya da tambayoyi a kan zobe. Dole ne ya zama na zinariya? Dole ne na ango da na amarya su zo iri ɗaya? In babu hali fa, aure zai ɗauru? Muna jin waɗannan tambayoyi a Haɗeja da Malam Madori da Auyo da Kafin Hausa, kuma mun san akwai samarin da ke ɗage biki ko su ci bashi saboda zobe kaɗai. Don haka muka ga ya kamata mu yi bayani.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya nuna

Babu inda Maganar Allah ta umarta a sa zobe ranar ɗaurin aure. Akwai dai wuraren da aka ambaci zobe. A Farawa 24:22, bawan Ibrahim ya ba Rifkatu zoben hanci na zinariya da mundaye biyu. A Farawa 41:42, Fir'auna ya zare zobensa ya sa wa Yusufu don nuna ikon da ya danƙa masa. A Luka 15:22, uban ɗan nan da ya ɓata ya sa aka sa masa zobe, alamar an maido shi matsayinsa na ɗa. A duk wuraren nan zobe shaida ne na wani abu da ya fi shi girma.

A aure, abin da ya fi girman shi ne alkawari. Malakai 2:14 ya nuna Ubangiji da kansa ne shaida tsakanin mutum da matar da ya yi alkawari da ita. Saboda haka auren da aka ɗaura ba zobe cikakken aure ne. Dokar aure ta Najeriya ma tana neman a ba da sanarwa ta kwana 21, a ɗaura a wurin da aka yi wa rajista, a gaban shaidu aƙalla biyu, amma ba ta nemi zobe ba.

Al'adar ta daɗe a cikin ikkilisiya. A shekarar 866, Paparoma Nikolas na ɗaya ya ambaci zoben baiko a wasiƙar da ya aika wa mutanen Bulgeriya. A littafin sujada na Angalika na 1662, ango ne kaɗai ke sa wa amarya zobe. Sai a wajajen 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa zoben maza ya yaɗu a Amurka, daga nan ya bazu. Har yau akwai ikkilisiyoyi a ƙasarmu da ba sa amfani da zobe. Don haka mataki na farko shi ne ku tambayi fastonku tsarin ikkilisiyarku kafin ku kashe ko kwabo.

Me ake nufi da zobba su dace da juna?

Ba sai sun zama tagwaye ba. Ya isa a ce launinsu ɗaya, karat ɗinsu ɗaya, ƙirarsu ɗaya, ko da na ango ya fi faɗi, na amarya ya fi siranta. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ku zaɓa tare. Sau da yawa wannan ne kuɗi na farko da ku biyu za ku yanke shawara a kansa, kuma yadda kuka yi shi zai nuna yadda za ku riƙa shawara a gida.

Ku san kuma cewa maƙwabtanmu Musulmi maza ba sa sa zinariya, azurfa suke sawa. Shi ya sa a kasuwanninmu zoben gwal na mata ya fi samuwa. Na ango kan buƙaci a ba maƙeri aiki ko a nemo a Kano, saboda haka kada ku bari sai makon biki.

Sanin karat da nauyi

Zinariya zalla ita ce karat 24, amma tana da taushi, tana lanƙwashewa. Shi ya sa ake gauraya ta da jan ƙarfe ko azurfa. A cikin zobe za ku ga ɗan tambari: 916 na nufin karat 22, 875 karat 21, 750 karat 18, sai 585 karat 14. Ma'anar 750 ita ce kashi 75 cikin 100 zinariya ce. Zoben karat 18 mai gram 4 yana ɗauke da gram 3 na zinariya zalla ke nan.

Wane ya fi? Ku dubi aikin hannunku. Wanda ke dashen shinkafa a fadama, ko jan koma a kogi, ko wanki da daka kullum, karat 18 ya fi jure masa, don ya fi 22 tauri. Zobe sumul mara duwatsu ya fi sauƙin wankewa, laka ba ta maƙalewa a ciki, kuma maƙeri na iya ƙara masa faɗi ko ya rage.

Da gram ake sayar da gwal, sannan a ɗora kuɗin ƙira. Ku sa a auna a gabanku a kan sikeli, a rubuta muku karat da nauyi a rasit. Tambari kaɗai bai isa ba, don ana buga shi a kan na jabu ma. Maganaɗisu ba ya jan zinariya, amma ba ya jan tagulla ma, saboda haka ku tafi da wanda ya san gwal, ko ku nemi a gwada. In farashi ya yi ƙasa ƙwarai da na kasuwa, ku tuna arha ba ta ado.

Awon yatsa

Yatsa kan kumbura a zafin bazara, ya ragu da sanyin hunturu. Ku gwada da yamma, ba da sassafe ba. Zoben da ya yi daidai yana shiga da sauƙi, ya ɗan tirje a gaɓa wajen fita. Mata su sani juna biyu na kumbura yatsu; gara a cire da wuri a adana da a kai ga yankewa. Maza masu aiki da injin ban ruwa ko na niƙa su cire zobe kafin su fara, domin in ya sarƙe yana iya tafiya da yatsa. Sinadarin bilic na wanki ma yana lalata gaurayen gwal.

Maganar bashi

Farashin zinariya a kasuwar duniya ya haura dala 2,000 kan kowace oza a 2020, ya kuma haura dala 3,000 a 2025. Ga faɗuwar naira a kan haka. Saurayin da ya biya sadaki, ya haɗa lefe, ya kama ɗaki, sai kuma a ce ya kawo gwal biyu, yakan ce zai ranta ya biya da kaka. Mu da ke bakin kogin Haɗeja mun ga abin da ambaliyar 2020 da ta 2022 suka yi wa gonaki. Shinkafar da ba ta shigo gida ba, ba a cin bashi a kanta don ado. Karin Magana 22:7 ta gargaɗe mu cewa mai cin bashi yakan zama bawan wanda ya ranta masa, kuma amarya ce za ta tare a cikin wannan bautar tare da shi.

Daidai ruwa daidai tsaki. In gwal ya fi ƙarfinku, azurfa ta isa, kuma maƙeranmu sun ƙware a kanta. Zoben da aka yi wa ruwan gwal ma ba laifi ba ne, muddin ku biyu kun san haka, kun kuma san zai koɗe. Laifin shi ne ango ya ba amarya na ruwa ya ce mata gwal ne. Zoben da aka miƙa a gaban Allah a matsayin shaidar aminci bai kamata ya zama ƙarya ta farko a gidan ba.

Mu ma jama'ar ikkilisiya da namu gyaran. Yaƙub 2:2-4 ya tsawata wa masu ba mai zoben zinariya wurin zama mai kyau su bar matalauci a tsaye, 1 Bitrus 3:3-4 kuma ya ɗora adon zuciya a kan adon zinariya. Iyaye da zumuntar mata da abokan ango, mu daina leƙen yatsan amarya muna tambayar karat nawa ne. Mu tambaye su ko suna addu'a tare, ko sun gama koyarwar shirin aure.

'Yan'uwa masu shirin aure, ku zauna ku biyu ku rubuta abin da za ku iya biya ba rance, ku ga fastonku, sannan ku tafi kasuwa. Ranar da kuka sa wa juna zobe, ku tuna da Afisawa 5:25, inda aka auna ƙaunar miji da ƙaunar da Almasihu ya yi wa ikkilisiya har ya ba da kansa dominta. Ubangiji ya albarkaci gidajen da za ku kafa. Amin.