Takardar Koyon Aiki Da Ma'aikata Ke Gyarawa a Toyota

A masana'antun Toyota, kusa da inda ma'aikaci yake tsayawa akwai takarda manne da ke bayyana aikinsa daki-daki: wane noti zai fara ɗaurewa, daƙiƙa nawa zai ci. Da ita ake horar da sabon ɗauka.

Ba 'yan ofis kaɗai ke da bakin magana a kanta ba. Tun 1951, bayan Eiji Toyoda, ɗaya daga cikin shugabannin Toyota, ya ziyarci kamfanin Ford a Amurka, Toyota ya buɗe wa ma'aikata ƙofar kawo shawara. Idan mai ɗaura kujeru ya ce yawan sunkuyo na karya masa baya, shugaban rukuni zai gwada dabarar da ya kawo. In ta yi, sai a sauke tsohuwar takarda a rubuta sabuwa, a nuna wa masu aikin dare.